Jawabin Wakiliyar Mata Maɗinka Kan Koyar da Sana'a ga 'Yan'uwanmu Mata a Jihar Maraɗi

 



Mu maɗinka ne, ba mu saba da tsayuwa gaban manya ba. Mafi yawanmu a cikin gida muke aiki, keke na tsakar ɗaki, yaro na goye, tukunya na kan murhu. Abin da ya fara haɗa mu a nan Katsina adashi ne. Daga baya muka ga cewa tunda muna haɗuwa duk mako domin kuɗi, babu laifi mu riƙa zuwa da allura da zare mu yi wani abu domin Allah. Hukumar wannan gidauniya ta nemi mu zo mu yi bayanin abin da muka yi da amanar da aka ba mu, mu kuma mun karɓa da hannu biyu, domin muna da buƙata a wurinku, muna kuma da laifin da ya kamata ku ji daga bakinmu. Alƙaluman abin da ya shigo da abin da ya fita suna cikin shafukan lissafi na rahoton da ke hannunku, ba za mu maimaita su ba.

Tun daga shekarar 2019 mutanen ƙauyukan Sabon Birni da Isa a jihar Sakkwato, da Zurmi da Shinkafi a Zamfara, da wasu sassan jiharmu, suka fara tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, suna gudun 'yan bindiga. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a watan Satumba na 2019 sun haura 40,000, zuwa watan Maris na 2021 kuwa sun kai 77,000, kuma mata da yara ne suka fi yawa. Mutanen Gidan Rumji da Madarumfa da ƙauyukan da ke kewaye da su ne suka fara karɓar su, suka buɗe musu zaure da rumbu tun kafin wata mota ta agaji ta iso. Daga baya aka mayar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ɗaya daga cikinmu tana da ƙanwa a cikin waɗannan mata. Ita ta je dubiya, ta dawo ta zauna a tsakiyarmu ranar adashi ta kasa cin abinci. Ta ce ta ga matan da a gidajensu su ne masu ba maƙwabta awo, yau suna zaune tun safe har yamma ba abin yi, suna jiran ranar rabo. Ta ce yunwar ma da sauƙi a kan zaman. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, a nan maganar ta samo asali.

Ba mu da kuɗin da za mu aika, amma muna da ƙyalle. Duk wanda ya taɓa shiga shagon tela ana gobe Sallah ya san tarin guntayen atamfa da shadda da ake sharewa a ƙona. Muka bi shagunan teloli maza muka roƙi a riƙa tara mana su a buhu. Wasu 'yan kasuwa da ke saro kaya daga Kantin Kwari a Kano suka ba mu ƙarshen yadi da turamen da rana ta ɗan ci gefensu. Kowace mace a cikinmu ta ware yini guda a mako, ta ajiye ɗinkin kuɗi ta yi na Allah. Da waɗannan guntaye muka harhaɗa zannuwan gado, da shimfiɗar jarirai, da jakunkunan allo da na littafi, da rigunan matashin kai. Da yadin da yake cikakke muka ɗinka hijabai da kayan yara. Tsofaffinmu da idonsu bai gaji ba suka yi huluna da ɗinkin hannu, waɗanda su ne suka fi kawo kuɗi, su ne kuma suka fi cin lokaci.

Baje kolin muna yin sa ne a watan Sha'aban. Dalili kuwa sananne ne: da zarar azumi ya kama, maɗinki ba shi da kansa, kuma mun san abin da ake faɗa a kanmu game da alkawarin kayan Sallah, ba ma so mu ƙara wa masu faɗa hujja. Kwamitin masallacin unguwarmu ya ba mu harabar makarantar Islamiyya, muka ɗaura igiya muka rataye kaya. Da la'asar aka yi gwanjon manyan zannuwan gado, inda wasu bayin Allah suka riƙa saye suna mayar da kayan a sake sayarwa. Akwai zanen da aka saya aka mayar har muka daina ƙirgawa. A ƙarshe wata dattijuwa da ta zo da kuɗin goronta ce ta tafi da shi, domin wanda ya saya na ƙarshe ya ce a ba ta.

Da abin da aka tara muka ɗauki wata gwanar tela daga cikin garin Maraɗi, ta riƙa zuwa ɗaya daga cikin ƙauyukan yankin Gidan Rumji tana koyarwa a ƙarƙashin rumfa, da yardar mai gari da hukumomin wurin. Mun shar'anta cewa a cikin ɗalibai a sa matan garin, ba baƙi kaɗai ba. Wanda ya raba hatsinsa da kai shekara da shekaru, bai kamata ya tsaya a bakin rumfa yana leƙen abin da aka kawo maka ba.

Yanzu sai maganar da muka fi ji, wadda kuma muka san tana cikin zukatan wasu daga cikin iyayenmu da ke zaune a nan: gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa. Ga 'yan gudun hijira daga Batsari da Safana da Jibiya cike da kangaye a cikin birnin Katsina, ga zawarawa da marayu a kowace unguwa, me ya kai mu wata ƙasa? Tambayar tana da nauyi, kuma tana da tushe a addini, domin sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umurce shi da ya karɓi zakka daga mawadatan mutanen ya mayar wa matalautansu. Mu ba malamai ba ne, saboda haka muka je muka durƙusa gaban malamanmu muka tambaya. Ga abin da muka fahimta, in mun yi kuskure a gyara mana a nan take.

An gaya mana cewa a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa, ana raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da wurin, kuma ma'aunin kusa shi ne abin da bai kai tafiyar kasaru ba, wato mil 48, kilomita 80 da ɗoriya. In na nesa sun fi tsananin buƙata, a kai musu mafi yawanta. In buƙatar daidai take aka kai, ta isar amma an yi makaruhi. In kuwa aka tsallake mafi buƙata aka kai wa wanda bai kai shi ba, ba ta isar ba. Abin lura, littafin tazara yake aunawa da buƙata, bai san shingen kwastan ba. Daga Jibiya zuwa Maraɗi bai kai tafiyar kasaru ba, don haka a wurin attajirin Jibiya, Maraɗi gida ce a hukuncin zakka, alhali Funtuwa da suke jiha ɗaya da ita nesa ce. Daga birnin Katsina kuwa kimanin kilomita 90 ne, ya ɗan haura, sai maganar ta koma kan wa ya fi buƙata. A nan ba za mu yi muku rantsuwa cewa kowace mace a rumfarmu ta fi kowace bazawara ta Katsina buƙata ba. Abin da muka gani shi ne, wadda ta yi hijira zuwa birni tana da ɗan'uwa ko maƙwabcin da ya san ubanta, tana iya aikatau ko wanki. Wadda ke can ta bar gona, ta bar dangi, wasu sun bar kabarin miji ba su ko ga wankansa ba, suna zaune a ƙauyen da shi kansa damina ɗaya yake dogaro da ita. Ku ne za ku auna.

Malaman sun kuma ambata mana wani labari da Imamu Buhari ya kawo, cewa shi Mu'azun ya nemi mutanen Yaman su ba shi tufafi a madadin sha'ir da dawa, saboda ya fi musu sauƙi, ya kuma fi amfani ga sahabbai a Madina. Sun ce akwai magana a kan isnadinsa da kuma fassararsa, wannan fagen ba namu ba ne. Mu dai abin da ya faranta mana rai shi ne jin cewa tun a wancan zamani an taɓa ɗaukar tufa daga wata ƙasa zuwa wata domin waɗanda suka bar gidajensu.

Sannan Maraɗi ba baƙon wuri ba ne ga Bakatsine. Gidan sarautar Katsina na dauri ne ya kafa ta bayan ya bar birni a zamanin jihadi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, kamar yadda Sarkin Gobir yake a Tsibiri. Garin da masu hijira suka kafa ne yau yake karɓar masu hijira. Da wuya a sami gida a unguwanninmu da ba shi da kaka ko suruka a can.

Duk da haka, domin kauce wa shubuha, mun raba kuɗin aikin nan gida uku, kuma muna roƙon kwamitocin masallatai su riƙe wannan rabon da kyau, domin shi ne ƙashin bayan roƙonmu. Kuɗin baje koli sadaka ce ta ganin dama, ba ta da sharaɗin wuri ko na mai karɓa. Da ita muke biyan malamar ɗinki, da kuɗin motarta, da gyaran rumfa, da zare da allura da man keke, da ƙyallen da ɗalibai ke ɓatawa kafin hannu ya faɗa. Ko sisin zakka bai shiga nan ba, domin an koya mana cewa zakka mallaka ake yi wa wanda ya cancanta, daga cikin kashi takwas da Allah Ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ba a biyan albashi ko gina rumfa da ita a ce an ba talaka.

Kekunan da ake koyo a kansu waƙafi ne. Ba na malama ba ne, ba na ɗalibai ba, ba kuma namu ba. Mutane da yawa sun ɗauka waƙafi sai gida ko gona ko rijiya, alhali a mazhabarmu ya halatta a yi shi da abin da ake ɗauka, kuma ana kafa hujja da sulkunan yaƙin Halidu ɗan Walidu da ya tsare domin Allah. Har ila yau malaman Malikiyya ba su shar'anta cewa sai na har abada ba, mutum na iya bayar da abu waƙafi na shekara biyu ko uku, wa'adi ya cika ya koma hannunsa. Iyayenmu maza, mun san akwai kekuna Singer da Butterfly na kayan ɗaki da ke jingine a gidajenku, an lulluɓe su da zane an ɗora musu kwanuka. In an ji nauyin rabuwa da su saboda na marigayiya ne, a ba da su na wa'adi, ladan ya je mata.

Kashi na uku shi ne inda muke neman zakka. Macen da ta gama koyo ta koma bukkarta hannu rabbana, wata shida ya ishe ta ta manta abin da ta koya. Tana buƙatar keken da yake nata, da almakashi, da tef, da dutsen guga na gawayi, da ɗan jarin zare da maɓalli da zif. Malamanmu sun ce a mazhabarmu ana iya ba fakiri abin da zai ishe shi shekara ko da ya haura nisabi, sun kuma gaya mana cewa Imamu Nawawi a littafinsa Al-Majmu'u ya yi bayanin ba mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa, har ya ambaci tela da kafinta. Saboda saɓanin da ke akwai game da ba da kaya a madadin kuɗi, tsarin da aka ba mu shawara shi ne a damƙa wa matar kuɗin a gaban shaidu su zama nata, in ta so ta wakilta mu mu sayo mata keke, in ta so ta saya da kanta. In kuma ta ce hatsi za ta saya, ba mu da ikon hana ta.

Wannan ya kawo mu ga laifinmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A lokacin muna da kuɗin kekuna a asusu. Muka ce bari mu jira a buɗe hanya tukuna, kada mu sayi kaya su yi ta tsatsa a ɗaki. Ashe kuɗin ne ke tsatsa. Tun a watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, a kan 655.957, ba ta motsa ba. Keke daga waje ake shigo da shi, farashinsa ya bi dala. Albashin malama da sefa muke biya, shi ma ya kusan ninkawa a kanmu ba tare da an ƙara mata ko dala ɗaya ba, dalar can muke nufi, wadda take tamma biyar. Da aka buɗe iyaka, kuɗin da muka tara bai sayi adadin da muka yi wa ɗalibai alkawari ba. Wasu mata sun gama koyo sun tafi ba keke, har yau suna jira. Ba wanda ya ci ko kwabo, amma amana ta ragu a hannunmu saboda rashin sanin kasuwa, kuma da mun tambayi ɗaya daga cikin 'yan kasuwar da ke zaune a wannan zaure, da ya gaya mana mu mayar da kuɗin kaya tun ranar. Muna neman gafarar Allah, muna neman afuwarku. Yanzu ƙa'idarmu ita ce kuɗin keke ba ya kwana wata guda a asusu.

Akwai wasu darussan da aikin ya koya mana. Keke na ƙafa muke saye, domin babu lantarki a inda suke. Mun gane cewa keke ba makaniki gawa ce mai jiran lokaci: ƙaramin abu kamar kwarkwaro ko bel ya lalace, sai a jingine shi wata da watanni. Saboda haka muka sa aka koya wa biyu daga cikin ɗaliban kwancewa da ɗaurawa. Mun kuma tarar da abin da ba mu zata ba, cewa kafin a koya wa mace yanka sai an koya mata karanta lamba a jikin tef. Mu a nan da inci muke awo, telolin Nijar da santimita, ɗalibai kuwa rabi daga nan rabi daga can, aka yi ta yanka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya. A ƙarshe malama ta yanke hukunci cewa tunda a kasuwar can za su ci abinci, awon can za a bi.

Mace biyu sun sayar da kekunansu a lokacin bazara. Da labarin ya iso, wasu daga cikinmu sun fusata. Da aka bincika, ɗaya ɗanta ne ya kwanta, ɗaya kuwa kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Keken nasu ne, shari'a ta ba su. Mu ne ya kamata mu gane cewa wadda ba ta ci ba ba ta iya taka keke, kuma sabuwar tela ba ta samun masu kawo ɗinki a watan farko. Haka nan ƙauye guda ba ya ɗaukar teloli ashirin. In muka ci gaba da yaye maɗinka a wuri ɗaya, za mu sa su karya wa juna farashi har kowa ta rasa. Don haka a zagaye mai zuwa muna so a rage masu koyon ɗinki, a ƙara da yin sabulu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tunda ƙasar gyaɗa ce, da kiwon jar akuyar nan ta Maraɗi da ta yi suna wajen haihuwa da kyawun fata. Wannan ba fanninmu ba ne, muna neman matan da suka iya su shigo.

Wasu kan ce mana mace ta zauna a ciyar da ita, ina ruwanta da tara kuɗin taimako. Mukan tuna musu da Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi, Allah Ya ƙara mata yarda, wadda take jima da ɗinkin fata da hannunta tana sadaka da abin da ta samu, har aka gane cewa ita ce mai dogon hannun da Manzon Allah ya yi ishara da ita, da ta riga sauran matansa cim masa a shekara ta 20 bayan hijira. A ƙasarmu kuma ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da jajinta da 'Yan Taru, matan ƙauye da suke takowa da ɗan abin hannunsu, a karantar da su, a raba abin da suka kawo ga mabuƙata. Ba mu kai ƙurar ƙafarsu ba, amma hanyar ba mu muka fara ta ba.

Ga roƙonmu. Kwamitin rabon zakka na wannan gidauniya ya zauna da malamai ya duba ko za a ware wani kaso domin matan da suka gama koyo suke jiran keke, a fara da waɗanda muka saɓa wa alkawari. Sunayensu da shaidar mai garinsu suna wurin sakataren gidauniya. In kwamitin ya ga na gida sun fi cancanta, mun karɓa, za mu nema musu ta hanyar sadaka ko da zai ɗauki lokaci. Kwamitocin masallatai kuma, kowane ya ba mu yini guda a harabarsa cikin Sha'aban mai zuwa, liman ya sanar bayan sallar Juma'a, ya kuma yi wa jama'a bayanin waƙafin wa'adi. Muna neman mutum biyu masu gaskiya da suka san hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa da sha'anin takardun kwastan, su riƙa raka kayan, da ɗan kasuwa guda da zai riƙa duba mana lissafi kafin mu yanke shawarar saye. Wanda yake da keke a gida, ko ya lalace, ya ba da sunansa a teburin da ke bakin ƙofa, za mu aiko a ɗauka, gyaran namu ne.

Allah Ya karɓa daga gare mu da ku, Ya mayar da waɗannan bayin nasa gidajensu cikin aminci, Ya saka wa mutanen da suka sauke su da alheri.